Bataliyar Kawu a Bakin Kogi

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya shiga soja lokacin yaƙin basasar Najeriya tun gemu bai fito masa ba. Sojan ƙasa ne, irin waɗanda ake turawa da ƙafa inda mota ta ƙi zuwa. Da aka gama yaƙin aka sallame shi, bai zauna a garinsu ba. Ya biyo wani ɗan'uwanmu mai fataucin goro har Bangui, ya buɗe shagon kayan masarufi a Kilomita Biyar, unguwar da mu muke kira Sankilo, daga baya ya aika aka kawo masa ƙanwarsa, wadda ta haife ni. Duk wanda ya taɓa sayen ashana a shagon nan ya san bataliyar Kawu, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Ka ce a ba ka sabulu, kafin a miƙo maka ka riga ka ji yadda aka yi musu aski ranar da aka ɗauke su.

Kawu ba ya iya ba da labari da baki kawai. Sai ya share teburin da yake miƙo kaya a kai, ya jera yaƙin da abin da ke cikin shago. Dunƙulen miya su ne sojoji. Batir shi ne igwa. Madarar gwangwani ita ce hafsoshi, saboda a cewarsa suna da tsada, kuma kullum suna can baya inda rana ba ta taɓa su. Abokan gaba ma dunƙule ne, sai dai na wani kamfani. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai yi su da gishiri ba don a riƙa gane su, ya ce ai su ma mu ne, takardar naɗi ce ta bambanta.

Abin da kowa ya sani kuma shi ne labarin ba ya wuce bakin kogi. Zai kwantar da ƙullin taliya a tsakiyar tebur ya ce ga babban kogin, ya jera dunƙulensa a wannan gefen, masu sauraro su miƙo wuya. Sai ya dubi agogo ya ce lokacin salla ya yi, ko da kuwa yanzu aka sallame la'asar. In ka matsa masa ka ce, “To kun haye?” sai ya ce, “Mun haye mana, ba ga ni ba?” Kusan shekara hamsin bataliyar nan tana tsaye a bakin ruwa, mutanen Sankilo suna jira.

A shekarun da unguwarmu ta rikice, samari da yawa sun ɗauki bindiga, kuma cikinsu akwai waɗanda suka tashi a gaban teburin Kawu. An kawo gawar ɗaya daga cikinsu wata ranar Laraba. Kawu ya dawo daga jana'iza ya yi kwana biyu bai jera ko dunƙule ɗaya ba. Bayan shekaru, da ƙafafunsa suka fara kumbura, lokotoro, wato likita, ya ce zuciyarsa ta gaji. A nan ne ya aika a kira ni.

Ni ce mai buga takardu a wani ɗan shagon kwafi kusa da Masallacin Koudoukou, kuma a danginmu ni kaɗai na iya rubuta Hausa da boko, albarkacin littattafan da 'yan kasuwa ke zuwa da su daga Kano. Shi ya sa Kawu yake kirana Akawu. Haƙuri dai ba ni da shi, wannan ba sirri ba ne a gidanmu.

“Akawu,” ya ce, “ki sayo littafi mai kauri. Yaran nan rabin labari na ba su, rabin mai daɗi. Ina so ki rubuta tarihin bataliyarmu daga farko har ƙarshe, kafin a zo a ɗauke ni.”

Na ce, “Har bayan kogi, Kawu?”

Ya ce, “Har bayan kogi.”

Matarsa, wadda muke kira Inna, tana zaune a bayan labule tana gyaran ganyen rogo. 'Yar unguwar Miskine ce, Hausarta tana tafe da yaren Sango a goye, kuma ba ta taɓa kiran mijinta da wani suna ba sai Kofur. Ta ce, “Ki sayi littafi siriri, 'yata, kada ki yi asara. Kofur da kogin nan sai dai kallo.”

Muka fara, kullum tsakanin azahar da la'asar. Na ɗauka tarihin bataliya gari-gari ake bi: mun ci nan, mun ci can. Sati uku muka yi a kan takalmi. Ranar da aka raba musu kaya, Kawu ya samu ƙafar hagu biyu. Ya kai ƙara wurin samanja, samanja ya ce ƙafarsa ce ba ta bi doka ba. Haka ya yi tafiyar kwanaki yana karkacewa gefe guda, har abokansa suka riƙa riƙe shi da igiyar jakarsa don kada ya bar layi ya shiga daji. Sai a wani sansani ya hango wani kurtu na wani kamfani yana karkacewa ɗaya gefen. Ba su yi magana ba ma, suka zauna a ƙasa suka yi musaya. Kawu ya ce a duk yaƙin nan bai ga sulhun da ya kai wannan tsabta ba.

Daga nan muka shiga garin da suka yi kwana huɗu suna tafiya don su kama. Suka isa, suka haƙa ramuka, aka yi ta harbi daga safe har rana ta take. Can sai wani daga cikin garin ya ɗaga murya ya zagi uwar mai igwarsu da Hausa tsantsa, irin zagin da ba a koyonsa a makaranta. Ashe wata bataliyar tasu ta riga su shiga tun shekaranjiya, ba wanda ya gaya wa kowa. Ba a rasa rai ba sai na wata akuya, ita ma aka raba ta tsakanin bataliyoyin biyu.

In na gama shafi sai in karanta masa, ya rufe ido yana saurare kamar alƙali. Wata rana na karanta, “Sai suka gudu zuwa bayan tudu.” Ya buɗe ido.

“Wa ya gudu?”

“Ku, Kawu. Kai ka ce har hularka ta faɗi ba ka tsaya ɗauka ba.”

“Soja ba ya gudu. Ki rubuta mun sake wuri cikin hanzari.”

Inna ta ce daga bayan labule, “Da ya ba ni labarin nan muna sabon aure, har wando ya faɗi, ba hula kaɗai ba.”

Ya ce kada in rubuta maganar farar hula. Na rubuta ta a gefen shafi da ƙananan baƙi, tana nan har yau.

Masu saye ba su daina zuwa ba don muna tarihi. Mace za ta zo ta ce a ba ta dunƙule, ta kai hannu kan tebur, Kawu ya tare ta. “A'a, Hajiya, waɗannan suna bakin aiki.” Sai ya juya ya ɗauko mata daga kanta. A haka muka yi wata biyu, littafin ya kai rabi, ranar wata Asabar ya kwantar da ƙullin taliya a tsakiyar tebur. Murna ta kama ni. Na ce a raina ni ce mace ta farko a Sankilo da za ta ga bayan kogin nan.

A satin ne aka toshe hanyar Kamaru. Duk abin da muke ci a gwangwani ko a kwali ta wannan hanyar yake shigowa Bangui, kuma manyan motoci suka tsaya cak a kan iyaka. Da na zo ranar Litinin da alƙalamina, Kawu ya dubi kanta ya girgiza kai.

“Ba za a haye yau ba, Akawu. Babu jirgi.”

“Wane jirgi kuma?”

“Da jirage uku muka haye. Kifin gwangwani ne jirgi, dubi siffarsa. Ga shi kuwa ya ƙare.”

Na ɗauko sandar sabulu na ce ga jirgi. Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. “Sabulu a cikin ruwa? So kike ya narke da mutanena a tsakiyar kogi?” Na kawo kwalin ashana, ya ce zai jiƙe. Na cire silifana na ɗora a tebur, ya ce shi bai taɓa ganin inda aka zuba sojan gwamnati a takalmin wanka ba, in sauke ƙazantata daga inda ake sa abinci. Na ce to ya faɗa da baki kawai, ni ba hoto nake ɗauka ba. Ya ce in bai ga abin a gabansa ba zai rikita wanda ya shiga jirgin farko da wanda ya shiga na biyu, kuma shi ba zai yi wa matattu ƙarya ba. Raina ya ɓaci, na rufe littafi na yi tafiyata ko sallama ban yi ba.

Washegari na shiga neman kifin gwangwani. Wanda bai zauna a Bangui a watannin nan ba ba zai gane ba: ka tambayi mai shago kifin gwangwani, sai ya yi dariya ya tambaye ka ko da ƙanƙara kake so. Na bi layin 'yan sari kaf. Na samu guda ɗaya a unguwar Yakité wurin wata tsohuwa, ya kumbura kamar cikin mai ciki. Kawu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kara a kunne, ya ce wannan jirgin ya riga ya sha ruwa, ba zai sa ɗan kowa a ciki ba. Na biyu wani baƙon ɗan kasuwa daga Maraɗi ya ciro mini daga jakar guzurinsa, bayan na ba shi labarin tun daga takalmi. Ya ce bai fahimci komai ba amma in ɗauka, Allah ya ba tsohon lafiya. Wannan Kawu ya karɓa, ya ajiye shi a gefen taliya, ya ce saura biyu.

Ana cikin haka kanta ta fara bushewa. Da dunƙulen kanta ya ƙare, matan unguwa suka zuba ido a kan na tebur. Suna zuwa su tsaya, su gaishe da Kawu, su yi ta kallon bataliya. Wata maƙwabciyarmu ta ce, “Baba, kwana uku miyata ba ta da ɗanɗano, ga sojoji nan suna zaune ba aikin fari ba na baƙi.” Kawu ya yi ta kare su na kwana biyu, sannan ya ba da kai. Amma bai yarda a ce sayar da su yake yi ba. Sallamarsu yake yi daga aiki. Zai ɗauki dunƙule, ya ce, “An sallame ka, ka yi aiki mai kyau,” ya sara masa da hannu, sannan ya naɗe a takarda ya miƙa. Abokan gaba aka fara sallama, don ya ce an fi saurin yafe musu. Hafsoshi kuwa rana ɗaya suka tafi, wata mai jego ta kwashe su duka, Kawu ya ce daman haka suke, ba a ganinsu in abu ya yi tsanani.

Kogin ma sai da aka zo saye. Ya hana, ya ce duk abin da za a taɓa ban da wannan.

Na samu jirgi na biyu a Miskine wurin wata ƙawata da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare, ta ciro shi daga kayan da take ɓoye wa ranar bikin cocinsu. Na kawo da yamma na ba Inna ajiya saboda an rufe shago. Da safe na zo na tarar da ita tana sa wa Kawu abinci, ƙamshi ya cika tsakar gida. Na leƙa kwanon, na ga jirgina a kwance a kan gozo, tuwon rogonmu, an yanka masa albasa.

Na ce, “Inna, me kika yi?”

Ta ce, “A hunzi awe, ya ƙare. Mutum ba ya cin komai kwana biyu, ni zan zauna ina gadin gwangwani?”

Kawu yana ci yana kallon bango, har da suɗe yatsa. Ban taɓa ganin mutum ya ci jirgin bataliyarsa da irin wannan kwanciyar hankali ba. Na fita bayan gida na zauna a kan turmi, hawayen haushi suna zubo mini. Inna ta biyo ni ta zauna, ta yi ƙasa da murya.

“'Yata, kin san kwali guda na kifin nan ya rage a shago ranar da aka rufe hanya?”

“Ina yake?”

“Kofur ya rabar da shi sadaka a ƙofar masallaci, ranar Lahadi, kafin ki zo Litinin. Mutumin da ko tsinken ashana ba ya bayarwa kyauta.”

Na miƙe zan koma ciki in yi masa tatas, ta riƙe mini zane. Ta ce shekara arba'in da wani abu tana kwana kusa da shi, ta san abin da ke bayan kogin nan yana tashinsa daga barci, amma ko ita bai taɓa gaya mata ba. Ta ce, “Yana so ya faɗa, tsoro yake ji. Kuma ƙafar nan kin ga inda kumburin ya kai. In za ki nemo, ki nemo da wuri.”

Haushina ya koma wani abu daban, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Amma ban fasa ba, don shi ya ce har ƙarshe. Kwana tara na ƙara ina yawo. Ɗaya na samu wurin wani direba da motarsa ta maƙale a gari, ɗayan kuma wurin mai sayar da burodi da ke tsakura shi wa masu saye da cokali. Wannan karon ban ba kowa ajiya ba, a jakata suka kwana. Bayan azahar na shiga shago na dire su kusa da na farkon, na zauna na buɗe littafi.

Kawu ya daɗe yana kallonsu. Ya dubi agogo, na ce, “Yanzu aka sallame, Kawu.” Ya dubi abin da ya rage na bataliya, 'yan dunƙulen da ba su cika tafin hannu biyu ba. Na ɗauka zai ce sojoji sun yi kaɗan, na riga na shirya amsa. Sai ya ce, “Daidai ne. Kusan haka muka rage.”

Ya ɗora su a kan gwangwanayen, ya tura su ɗaya bayan ɗaya ta kan taliya. Hayewar da Sankilo ta yi shekara hamsin tana jira ba ta cika shafi ɗaya ba. Ba wanda ya harbe su. Jirgi na biyu ya maƙale a yashi, aka sauka aka tura, samanja ya faɗa ruwa har wuya. Na yi dariya, shi bai yi ba.

“Kwashe komai daga teburin,” ya ce.

Na kwashe jirage da sojoji da kogin. Ya ce in goge, na goge da tsumma. Na tsaya ina jiran ya faɗi abin da zan jera.

“Babu abin da za a sa. Kusan duk abin da ke shagon nan abinci ne, can kuwa babu shi.”

Ya ce tafiyar rabin yini suka yi suka shiga wani gari. Babu kare, babu kaza, ko ƙadangare babu a jikin bango. Mutane suna zaune a inuwa, ba su gudu ba, ba su kuma roƙi komai ba. A bakin wata makaranta ya ga wata yarinya, ba za ta wuce shekara shida ba, gashinta ya yi ja, ƙafafunta kamar tsinke. Tana ta kallon jakarsa. Yana da naman gwangwani da biskit, guzurin kwana biyu. Ya durƙusa ya buɗe mata duka. Ta ci, yana ƙara mata, tana ci, har ya karɓo na abokinsa ya ƙara. Ya ce tun da ya sa kaki bai taɓa jin daɗin kansa irin na ranar ba.

Da safe ya koma da wani gwangwanin, ya tarar uwarta tana naɗe ta a zane. Malamin asibitin bataliya ne ya gaya masa cewa cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi lokaci guda.

“Na yi harbi a yaƙin nan, Akawu, cikin daji, ido rufe, ban san ko na samu kowa ba. Mutum ɗaya na tabbatar ya mutu ta hannuna, ita ce. Uwar kuma da ta gan ni sai ta yi mini godiya, ta ɗauka na yi ƙoƙari ne abin ya fi ƙarfina.”

Labulen bayanmu bai motsa ba, amma na ji Inna tana jan hanci. Ni alƙalamin ya tsaya mini a hannu. Na ce, “Kawu, in rubuta wannan?”

“Don shi na kira ki. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini.” Ya numfasa, ya dafa teburin da hannu biyu. “A ƙarƙashinsa kuma ki sa abin da malamin asibitin ya ce, da manyan baƙi, yadda ko yaro zai iya karantawa. Kunu mai ruwa-ruwa ake fara ba su, cokali biyu, a dakata, a sake ba da biyu. Ko suna kuka kada a ƙara.”

Na rubuta, na karanta masa. Ya ce in sake karantawa a hankali, na sake.